Gunpei Yokoi: Mai kula da inji da ya sauya wa Nintendo alƙibla

Lokacin da kamfanin Nintendo na birnin Kyoto a ƙasar Japan ya ɗauki Gunpei Yokoi aiki a shekarar 1965, sana'ar kamfanin buga katin karta ce, aikinsa kuma bai wuce kula da injinan ba. An haife shi a 1941, ya yi karatun lantarki a Jami'ar Doshisha.

Domin rage zaman banza, ya ƙera wani hannun wasa mai miƙewa ya cafko abu daga nesa. Shugaban kamfanin, Hiroshi Yamauchi, ya gani, kuma maimakon ya tuhume shi da wasa da aiki, sai ya umarce shi ya mayar da abin hajar kasuwa. An sayar da fiye da miliyan ɗaya.

Daga nan Yokoi ya shiga harkar na'urorin gidajen wasa. A 1974 ya fitar da Wild Gunman, inda ake haska ɗan bindiga a majigi, mai wasa ya yi ƙoƙarin riga shi harbi. Aƙidarsa ita ce a ɗauki fasahar da ta kwana biyu, ta yi arha, a nema mata sabon amfani. Hakan ta tabbata a 1981, sa'ad da akwatunan wasan Radar Scope suka yi kwantai a Amurka. A ƙarƙashin kulawarsa wani matashi mai zane, Shigeru Miyamoto, ya tsara Donkey Kong, aka zuba shi cikin akwatunan nan, kasuwa ta buɗe.

Bisa wannan aƙida ya ƙera Game & Watch a 1980 da irin fuskar kalkuleta, sannan Game Boy a 1989. Fuskarsa ba ta da launi, amma batirinsa na daɗewa, farashinsa da sauƙi, ya kuwa bar abokan hamayya masu launi a baya.

Virtual Boy na 1995 bai karɓu ba, kuma a 1996 ya bar Nintendo bayan shekara 31, ya kafa kamfaninsa, Koto. Ranar 4 ga Oktoban 1997, motar da yake ciki ta yi ƙaramin haɗari a babbar hanyar Hokuriku. Ya fito duba ɓarnar, wata mota ta buge shi. Ya rasu yana da shekara 56.