Nana Asma'u: Malamar da ta kai karatu har ɗakin uwa

An haifi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Degel a shekarar 1793, tagwaye ita da ɗan'uwanta Hassan. Sunan mahaifiyarta Maimuna. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, don haka ƙuruciyarta ta ƙare ne cikin ƙaura da yaƙi da yunwa. Duk da haka ba ta ajiye allo ba. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi zurfi a fiƙihu da tauhidi, ta kuma yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato a zamanin yayanta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Bayan an kafa daula, sai ta ga wani giɓi. Ƙauyuka sun cika da mata, da yawansu yaƙi ne ya raba su da garuruwansu, ba su san hukuncin tsarki da salla ba, ga kuma bori ya kafu a tsakaninsu. Waɗannan matan ne ke goyon yara, a bakinsu yaro ke jin kalmarsa ta farko. Amma matar aure mai goyo ba ta da halin barin gida ta je birni neman ilimi.

Maganin da ta samo shi ne tsarin 'Yan Taru. A kowane yanki takan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana, ta naɗa ta Jaji, ta ba ta malfa da jan rawani a matsayin alamar izini. Jaji kan tattaro 'yan mata da ba su yi aure ba da matan da suka manyanta, su yi ayari su taka da ƙafa zuwa gidan Nana, riƙe da sadakar hatsi ko zuma ko man shanu, wadda ake rabawa mabuƙata. Idan suka ɗauki darasi sai su koma, su shiga gida-gida suna koya wa matan da ba su samu fita ba.

Da yake yawancin ɗaliban ba sa karatu, sai ta zuba darussan cikin waƙa, wadda mace za ta iya haddacewa tana daka ko tana kaɗi. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani a baitoci kaɗan, ta mayar da Tabbat Haƙiƙa ta mahaifinta zuwa Hausa, ta kuma rubuta Waƙar Gewaye kan tarihin jihadi. Ban da ibada, 'Yan Taru sun ɗauki nauyin duba marasa lafiya, taimakon masu haihuwa, wankan gawar mata da sasanta rigingimu.

Nana Asma'u ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbaren Shehu da ke Sakkwato. Ƙanwarta Maryam, wadda ta taɓa zama a fadar Kano a matsayin matar Sarki Ibrahim Dabo, ita ce ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru, aikin kuma ya ɗore har bayan zuwan Turawa. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara rubuce-rubucenta, kimanin 60, cikin kundi ɗaya.

A yau ƙasashe da dama, daga Sin zuwa Ingila, suna shirya wa iyayen ƙananan yara azuzuwan rukuni kan tarbiyya, bisa hujjar cewa shekarun da ke gabanin shiga makaranta su ne tushe. Nana ta kama wannan hanya tun ƙarni na 19, ba tare da gina aji ko ɗaya ba. A ƙauyukan Bichi da Dambatta da Makoɗa, inda gidaje ke kusa da juna, kuma yaro ke wuni a gindin mahaifiyarsa kafin ya isa shiga firamare, har yanzu akwai dattijan mata da ake jin maganarsu. Islamiyyun matan aure da ke waɗannan garuruwa za su iya naɗa irinsu, su riƙa kai darasi ga uwar da goyo ya tsare a gida, kamar yadda Nana ta yi da Jajinta.