Alhaji Muhammadu Bello Kagara, Malamin Manyan Arewa

A yau muna so mu ba masu karatu tarihin wani dattijo wanda ya ƙare ƙuruciyarsa da ƙarfinsa wajen koyar da zaɓaɓɓun yaran Arewa, watau marigayi Alhaji Muhammadu Bello Kagara, Walin Katsina. Mutane da yawa sun san shi ne ta littafinsa Ganɗoki, amma a ganinmu babban aikinsa shi ne wanda ya yi a cikin aji.

An haife shi a cikin 1890. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, shi ne Alƙalin Kagara, a ƙasar da ke cikin Jihar Neja yanzu. Yana yaro Turawa suka ci Kwantagora a 1901, iyayensa suka yi ƙaura tare da Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. Bayan ƙura ta lafa ya ci gaba da karatun addini a gaban malamai, sa'an nan aka kai shi makarantar Nasarawa ta Kano, wadda Ɗan Hausa ya buɗe a 1909. Ka ga ke nan ya haɗa ilmi biyu, na Arabiyya da na boko, a zamanin da masu irin wannan ba su da yawa. Da ya fita sai ya kama aikin koyarwa a Zariya.

A cikin 1921 aka kafa Kwalejin Katsina, Gwamna Clifford ya zo ya buɗe ta a 1922. Ita wannan makaranta ba kowane yaro ake kai wa ba. Daga kowane lardi akan duba waɗanda suka fi hazaƙa a makarantar lardin, a tsamo 'yan kaɗan, a aika da su Katsina su yi shekara biyar, don su komo su zama malamai a ƙasashensu. Malam Bello yana cikin malaman farko da aka ɗauka, aka danƙa masa koyar da Arabiyya da addini.

To, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne. A lokacin nan iyaye da yawa suna gudun boko, suna tsoron kada yaro ya tafi da addininsa ya komo babu. Ga shi kuma yaran da aka tara masu kaifin basira ne, irin waɗanda in ba a yi hankali ba sai girman kai ya shige su, su raina iyayensu da malaman zaure. Zaman mutum irin Malam Bello a tsakaninsu, ɗan alƙali, masanin littattafai, wanda kuma ya san boko, shi ya nuna wa yara da iyaye cewa ilmin nan biyu suna iya zama a ƙirji ɗaya ba tare da ɗaya ya kori ɗaya ba.

In ana so a san amfanin itace sai a dubi 'ya'yansa. A zamanin da yake koyarwa ne Sir Kashim Ibrahim ya yi karatu a kwalejin, da Aliyu Makaman Bida, da Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato wanda ya fita a 1931, da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda ya fita a 1933. Ƙanensa ma, Alhaji Abubakar Imam, a hannunsa ya tashi a Katsina, ya shiga kwalejin, daga baya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

A cikin 1938 aka ɗauke makarantar daga Katsina aka kawo ta Kaduna, aka riƙa kiranta Kwalejin Kaduna. Malam Bello bai bar aikinsa ba. A nan Kaduna ne irin su Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari suka yi karatunsu. Ya ci gaba da koyarwa har 1945, watau shekara ashirin da huɗu ke nan a makaranta ɗaya. Bayan barinsa aka mai da ita Zariya a 1949, ita ce ake kira Kwalejin Barewa yanzu.

Duk da wannan aiki bai ajiye alƙalami ba. Sa'ad da Dokta East na ofishin fassara a Zariya ya sa gasar rubuta littattafan hira a 1933, ya shiga da Ganɗoki, labarin wani jarumin Kwantagora wanda ya yi yaƙi da Turawa. Abin sha'awa kuwa, cikin waɗanda aka buga littattafansu tare da nasa akwai ƙanensa mai Ruwan Bagaja, da almajirinsa mai Shaihu Umar. Daga baya ya rubuta tarihin Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko, aka buga a 1951.

Da ya huta da koyarwa sai ya koma Katsina, ya riƙe alƙalanci a En'e, har aka naɗa shi Walin Katsina. Ya rasu a 1971.

Muna roƙon malamai su yi tunani a kan rayuwar wannan bawan Allah. A kowane aji akwai yaro ɗaya ko biyu wanda ya fi sauran saurin ganewa. Wani malami yakan ƙyale shi don ba ya ba shi wahala, wani kuma yakan yi ta yabonsa har ya lalace. Dukansu sun yi hasara. Irin wannan yaro yana bukatar a ƙara masa aiki daidai ƙarfinsa, a kuma koya masa ladabi da tsoron Allah, gama wata rana shi za a ba amanar jama'a. Allah ya jiƙan Wali Bello, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.