W.E.B. Du Bois: Malamin da ya gano ido ma yana koyon wariya

Mafi yawan waɗanda suka san sunan William Edward Burghardt Du Bois sun san shi ne a matsayin ɗaya daga cikin iyayen fafutukar haɗin kan Afirka, dattijon da ya bar Amurka yana da shekara 93 ya koma Gana. Akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ba a cika ambata ba, wato gwagwarmayar da ya daɗe yana yi da hotuna: irin surar baƙin mutum da ake bugawa a jarida da kwalin sabulu da littafin makaranta, wadda mai kallo ke haɗiyewa ba tare da ya san ya haɗiyi komai ba.

An haife shi ranar 23 ga Fabrairun 1868 a Great Barrington, wani ƙaramin gari a Jihar Massachusetts, kusan shekara uku bayan yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta a Amurka. Mahaifinsa Alfred ya bar gida tun yaron yana ƙarami, mahaifiyarsa Mary Silvina ce ta raine shi cikin talauci. Baƙaƙen fata 'yan kaɗan ne a garin, don haka tare da 'ya'yan Turawa ya yi makaranta. A can ne wata rana yara suka sayi ƙananan katuna suna musaya tsakaninsu, sai wata yarinya baƙuwa ta ƙi karɓar nasa, da kallo ɗaya kawai. Shi da kansa ya bayyana daga baya cewa a ranar ce ya fara sanin akwai labule tsakaninsa da sauran yaran.

Jama'ar garin ne suka tara masa kuɗi ya tafi Jami'ar Fisk da ke Nashville a 1885, inda ya fara ganin wariyar Kudancin Amurka da idonsa. Daga nan ya wuce Harvard, ya yi shekara biyu a Jami'ar Berlin ta Jamus, kuma a 1895 ya zama baƙar fata na farko da ya sami digirin digirgir a Harvard. A 1896 ya shiga wata unguwar baƙaƙen fata a Philadelphia yana bi gida-gida yana tambayar sana'a da kuɗin haya da lafiya, binciken da ya fito a littafi a 1899. A wancan lokaci ya yi imani cewa jahilci ne tushen wariya, kuma da zarar an ajiye wa Bature sahihan alƙaluma a gabansa zai sake tunani.

Wannan imani ya fara girgiza a watan Afrilun 1899, lokacin yana koyarwa a Jami'ar Atlanta ta Jihar Georgia. Ya rubuta bayani cikin natsuwa kan wani baƙar fata mai suna Sam Hose da ake zargi da kisa, ya nufi ofishin wata jarida da shi. A hanya ya sami labarin cewa gungun Turawa sun riga sun ƙone mutumin, har an ajiye gaɓoɓin yatsunsa a wani kanti ana kallo. Sai ya juya ya koma gida da takardarsa.

Duk da haka bai ajiye alƙaluma ba. A 1900 aka yi babban baje kolin duniya a Paris, wanda mutum kusan miliyan 50 suka ziyarta. Ƙasashen Turai sun kafa rumfunan nuna mulkin mallakarsu, har da ƙauyen Dahomey da aka gina aka zuba 'yan Afirka a ciki jama'a na zagayawa suna kallonsu. Wannan shi ne zamanin da tallan sabulu ke nuna an wanke yaro baƙi ya koma fari, masu saye kuma ba su ga aibu ba. A cikin wannan yanayi wani lauya baƙar fata, Thomas Calloway, ya samo Dala 15,000 daga Majalisar Dokokin Amurka don a nuna ci gaban baƙaƙen fatar ƙasar, ya nemi Du Bois ya taimaka.

Du Bois da ɗalibansa na Atlanta suka zana jadawalai kimanin 60 da hannu, da tawada da fenti, cikin ja da rawaya da kore da baƙi. Ɗaya ya nuna darajar kayan ɗaki da na girki da baƙaƙen fatar Georgia suka mallaka daga 1875 zuwa 1899, kuma da yake layin ya yi wa takarda tsawo, sai aka naɗe shi kamar gammo, ta yadda ido zai bi shi yana zagayawa har ya ji yawan ƙaruwar. Wani kuma ya jera ƙasashe bisa yawan waɗanda ba su iya karatu ba, sai ga Rasha da Sabiya da Romaniya sun fi baƙaƙen fatar Amurka yawan marasa karatu, alhali waɗannan shekara 35 kacal ke nan da fitowarsu daga bautar da a cikinta koya musu karatu laifi ne a jihohi da dama. Bature ɗan Turai da ya zo da tabbacin cewa jahilci a fata yake, sai ya tarar da maƙwabtansa a saman jadawalin.

Ya kuma haɗa hotuna 363 a kundaye, da yawa daga cikinsu aikin Thomas Askew, mai ɗaukar hoto baƙar fata na Atlanta. A nan ne dabararsa ta fi fitowa. Wasu hotunan an ɗauke su ne ta gaba da ta gefe, yadda 'yan sanda ke ɗaukar mai laifi, yadda kuma masu da'awar kimiyyar jinsi ke auna kawunan mutane. Mai kallo zai zaci ya san abin da ke tafe. Yana ci gaba da buɗe shafi sai ya ga ɗalibai da 'yan kasuwa da iyalai a falonsu, wasu baƙaƙe wuluk, wasu kuma haskensu ya kai a ɗauke su Turawa, har ya rasa wane ne ainihin baƙin mutumin da ke cikin kansa. Du Bois ya sami lambar zinare, ko da yake a wurin masu tikiti mafi araha ya tsallaka teku, manyan jaridun Turawan Amurka kuwa galibinsu sun kau da kai. A watan Yulin shekarar ya halarci taron haɗin kan Afirka na farko a Landan.

A littafinsa na 1903, The Souls of Black Folk, ya bayyana ciwon da wannan kallo ke haifarwa: baƙin mutum a Amurka yana rayuwa da ido biyu, nasa da na wanda ya raina shi, yana auna kansa da mudun wani. Bayan kafa ƙungiyar NAACP a 1909 ya zama editan mujallarta, The Crisis, wadda ta fara da kwafi 1,000 a 1910 ta kai 100,000 cikin shekara goma. Ya cika bangonta da fuskokin baƙaƙen fata, yana ware fitowa guda duk shekara don hotunan yara, kuma a 1920 ya fito da mujallar yara, The Brownies' Book. Har babban baƙi ya yi wa yaƙi: ya dage sai an riƙa fara kalmar Negro da babban harafi kamar sunan kowace al'umma, abin da jaridar New York Times ta amince da shi a 1930. Duk wanda ya taɓa aikin tace labari ya san irin wannan ƙaramin abu ba a sauya shi da sauƙi.

Abin da ya fi ba shi mamaki daga wurin nasa mutanen ya zo. A 1920 ya ba da labarin wani taro a Chicago inda mai jawabi, John Haynes Holmes, ya kwatanta kyan wani yaro baƙi da kyan dare, sai zauren ya fashe da dariya, alhali masu sauraron baƙaƙen fata ne. Wasu masu karanta mujallarsa ma sukan yi ƙorafi idan aka sa fuska mai tsananin duhu a bango. Fahimtarsa ita ce zanen izgili ya daɗe yana aiki a zukatansu har suna jin kunyar launinsu ba da saninsu ba. A 1923 ya koka cewa yawancin Turawa masu ɗaukar hoto ba su iya fito da baƙar fata ba, ya yi kira ga matasa su shiga sana'ar. Zamani ya gaskata shi, domin daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya daɗe yana raba wa masu wanke hoto katin daidaita launi mai ɗauke da fuskar Baturiya.

Shi kansa bai tsira ba. Kundayen Paris sun fi karkata ga masu kwat da rufin asiri, manomin auduga na Georgia bai sami gurbin da ya dace da yawansa ba. A rikicinsa da Marcus Garvey kuma, a wata maƙala ta 1923, ya siffanta abokin hamayyar tasa da gajarta da ƙiba da baƙi da muni, kalmomin da da Bature ne ya rubuta su da Du Bois ne zai fara tsine masa. A littafinsa na 1940, Dusk of Dawn, ya amince cewa a ƙuruciyarsa ya ɗora wa hankali nauyin da ya fi ƙarfinsa, domin yawancin wariya tana zaune ne a cikin sabo da ɗabi'un da mai su bai san yana da su ba.

Ƙarshen rayuwarsa a Amurka bai yi daɗi ba. Bayan taron Manchester na 1945, inda ya zauna da su Kwame Nkrumah da Jomo Kenyatta, ya ƙara karkata ga gurguzu. A 1951 gwamnati ta gurfanar da shi bisa zargin yi wa ƙasar waje aiki, kotu ta sallame shi, amma aka hana shi fasfo har 1958. A 1960 ya zo Legas bikin rantsar da Nnamdi Azikiwe a matsayin Gwamna Janar, a 1961 kuma Nkrumah ya gayyace shi Gana ya jagoranci rubuta kundin ilimin Afirka, Encyclopedia Africana. Ya rasu a Accra ranar 27 ga Agustan 1963 yana da shekara 95, yana ɗan ƙasar Gana. Washegari aka sanar da rasuwarsa ga dubban da suka taru a gangamin Washington, inda Martin Luther King ya yi jawabinsa da ya shahara. Kabarinsa yana unguwar Cantonments a Accra, jadawalan Paris kuma suna ajiye a ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka.