Dokta Walter Miller: Likitan da Ya Yi Jayayya da Masu Mulki

Mai bi da ya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa ranar Lahadi, a Gwagwalada yake ko a Zariya, yana shan inuwar itacen da Dokta Walter Miller ya yi wa ban ruwa. An haife shi a Ingila a 1872, ya karanta likitanci, ya tafi Tarabulus ya koyi Hausa a bakin fatake da mahajjata. A 1900 ya biyo ayarin Bishop Tugwell zuwa Kano, amma Sarki Aliyu Babba bai ba su izinin zama ba. A 1905 ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya.

A nan ne ya shiga tsaka mai wuya. Gwamnatin Lugga ta zaɓi ta mallaki talakawa ta hannun sarakuna, ta kuma taƙaita wa'azin bishara a masarautu don gudun fitina. Miller bai yarda ba. A ganinsa, zuciyar ɗan Adam ɗaya ce ko'ina: duk wanda aka ba iko ba tare da mai tsawata masa ba, Bature ne ko basarake, zunubi zai rinjaye shi. Saboda haka ya riƙa kai ƙarar zaluncin da ya gani, har ana lissafa rahotanninsa cikin dalilan tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda aka kai Lokoja.

Bai ɗauki hankali abokin gābar bangaskiya ba. Yaran makarantarsa sun koyi Nassi tare da lissafi da Turanci, kuma daga wannan tushe Barau Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa.

Sai dai a faɗi gaskiya, shi ma bai kuɓuta daga abin da yake zargi ba. Mutum ne mai kafiya, kalamansa a kan Musulunci da sarauta sukan yi kaushi, kuma ikon Turawan da yake suka shi ne ya buɗe masa ƙofar Zariya tun farko.

A 1929 aka ƙaurar da mishan zuwa Wusasa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya yi shekaru yana fassarawa tare da abokan aiki, ya fito a 1932. A 1947 ya wallafa littafi yana tuhumar mulkin Ingila ko ya gaza a Nijeriya. Bai koma gida ba. Ya rasu a Bukuru, kusa da Jos, a 1952.