Badukun da Allah Ya Kira

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa raina sana'arka, kana cewa a ranka ba irinka Allah yake kira ba? To, ga labarin wani baduku.

An haifi William Carey a ƙauyen Paulerspury, a ƙasar Ingila, cikin shekarar 1761. Ubansa masaƙi ne. Tun yana saurayi aka kai shi koyon ɗinkin takalma, can kuwa wani abokin aikinsa ya yi ta yi masa zancen Almasihu har ya ba da gaskiya. Amma bai yar da basilla ba. Yana ɗinki, littafi na buɗe a gabansa, har ya koyi Helenanci da Ibrananci. Ya harhaɗa takardu ya zana taswirar duniya, ya kafa a bango, yana rubuta yawan mutanen kowace ƙasa, yana yi musu addu'a. Nan, cikin warin fata, kiran ya same shi.

A 1793 ya shiga jirgin ruwa zuwa Indiya. Kada ka zaci kira yana share ƙaya daga hanya. Guzuri ya ƙare, tilas ya kama aikin lura da masu sarrafa baba domin ya ci da iyalinsa. Ɗansa Peter ya mutu yana da shekara 5. Matarsa Dorothy, wadda tun farko ba ta so tafiyar ba, hankalinta ya taɓu, ba ta kuwa warke ba har ta rasu a 1807. Ba daidai ba ne mu ɓoye maka wannan, gama kiran mutum ɗaya yakan zama kaya a kan na gidansa. Shekara 7 yana wa'azi ba a yi wa Ba'indiye ko ɗaya baftisma ba, sai a 1800 wani masassaƙi, Krishna Pal, ya tuba.

A 1801 aka buga Sabon Alkawari da ya juya zuwa harshen Bengali, a garin Serampore. A 1812 gobara ta cinye ɗakin ɗab'i, da aikin shekaru masu yawa. Ya ɗauki alƙalami ya soma daga fari.

Ya daɗe yana roƙon hukuma ta hana ƙone gwauruwa tare da gawar mijinta. Da dokar ta fito a 1829, ran Lahadi ta iso hannunsa. Ya bar wa wani wa'azin ranar, ya zauna ya juya ta zuwa Bengali, kada jinkirinsa ya ci ran wata mace.

Ya rasu a Serampore a 1834, bai sake taka Ingila ba.