Likita Clemens von Pirquet, Wanda Ya Raɗa wa Ciwona Suna

'Yan ɗakin kwananmu duka sun san ba na cin gyaɗa. A zangon farko da na zo makarantar nan na sha kunun gyaɗa da safe, kafin a buga ƙararrawar shiga aji leɓɓana sun kumbura, borin jini ya feso mini ko'ina, numfashi yana neman gagara ta. Sai da aka kai ni asibiti aka yi mini allura. Bayan na dawo wasu suka ce tsirfa ce, kakata kuwa da ta ji labari ta ce sammu ne. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ina ƙarami na ci ƙuli-ƙuli ba iyaka, ko atishawa ban yi ba. Malaminmu na ilmin halittu ne ya ce in nemi labarin wani likitan yara, wai amsata tana wurinsa.

An haifi Clemens von Pirquet a shekarar 1874 kusa da Biyana, babban birnin ƙasar Ostiriya, a gidan masu sarauta. Da farko ilmin addinin Kirista ya karanta, daga baya ya juya ga likitanci, ya gama a 1900, ya kama aiki a asibitin yara na Biyana.

A zamanin nan mashaƙo yana kashe yara ƙwarai. Maganin da ake taƙama da shi kuwa ruwan jinin doki ne. Sai a yi ta sa wa doki dafin cutar kaɗan-kaɗan har jininsa ya ƙera makaman yaƙi da ita, sa'an nan a tace jinin a yi wa yaro allura. Maganin ya ceci rayuka, amma wasu yaran, bayan kwana 8 zuwa 12, sai zazzaɓi ya rufe su, ƙuraje su fito, gaɓoɓi su yi ta ciwo. Pirquet da abokin aikinsa Béla Schick suka zauna suna rubuta ranar allura da ranar da ciwon ya ɓullo, yaro bayan yaro. A nan suka ga abin mamaki: yaron da aka sake yi wa allurar karo na biyu ba ya jiran kwanakin nan, nan da nan ciwon ke taso masa, wani lokaci ma ya fi na farko tsanani. Haka ya gani a lambar agana, wanda aka taɓa yi wa, wurin kan yi ja cikin kwana guda.

To, jinin dokin bai sake ba, ashe yaron ne ya sake. Pirquet ya gane cewa kwanakin nan na jira lokaci ne da jiki ke ƙera makamansa, kuma makaman da ke kare mutum su ne dai ke jawo masa wannan ciwo. A lokacin wannan magana ce mai wuyar haɗiya, gama an ɗauka garkuwar jiki alheri kaɗai take yi. A 1906 ya haɗa kalmomi biyu na Girkanci, ɗaya ma'anarta daban, ɗaya aiki, ya fitar da sunan da likitoci ke kira alaji har yau. Da na karanta wannan wurin sai na tuna da ƙuli-ƙulina.

Shi kansa bai ga makamin da ido ba. Sai a 1966 da 1967 masana a Amurka da Suwidin suka gano shi, aka sa masa suna IgE. Yadda na fahimta ke nan. Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗanda ake kira B, su ne maƙeran. In suka gamu da baƙon abu sai su shiga gyara rubutun gadon da ke cikinsu, su yanke nan su haɗa can, su yi 'yan canje-canje, har makamin ya kama baƙon daram. A jikin irina sukan ɗauki gyaɗa a matsayin abokin gaba, su juya ga ƙera IgE. Shi kuma ya je ya lafe a kan wasu ƙwayoyi na fata da hanci da hanyar numfashi, yana dako. Ranar da gyaɗa ta dawo sai ƙwayoyin su zubo wani sinadari, histamin, shi ke kawo ƙaiƙayi da kumburi. Akwai kuma hannun gado a ciki. A 2006 masana a Sikotilan suka nuna cewa tangarɗa a ƙwayar gado guda, wadda ke ƙarfafa fata, tana da alaƙa da ƙaiƙayin fata mai naci da asma. Mahaifiyata tana da asma, ban kuwa taɓa haɗa ciwonta da nawa ba sai bana.

Mu koma ga likita. A 1907 ya fito da gwajin tarin fuka: a ɗan karci fata a ɗiga ruwan gwaji, in wurin ya yi ja, jikin ya taɓa gamuwa da cutar. Ya koyar a Amurka a 1909, ya dawo Biyana a 1911 ya shugabanci asibitin yara na jami'a. Bayan Yaƙin Duniya na Farko yunwa ta addabi birnin, shi ya tsara ciyar da dubban yara da taimakon Amurka, yana auna amfanin kowane abinci da na madara. A ganina wannan aiki bai gaza na farko ba.

Ƙarshensa ba daɗin faɗi. Matarsa ta daɗe ba lafiya, ran 28 ga Fabrairu 1929 aka tarar da su biyun sun mutu a gida, sun sha guba. Shekarunsa 54.

Ina roƙon iyayenmu, in yaro ya ce wani abinci ba ya karɓarsa, a kai shi asibiti kafin a tilasta masa. Ni dai yanzu ran da aka yi kunun gyaɗa, Baba mai dafa mana abinci yakan ajiye mini koko a gefe, da ludayina daban.