Julius von Sachs, Marayan da Ya Binciki Aikin Haske a Jikin Tsiro

Duk wanda ya taɓa ɗaga turmi ko tukunyar da ta daɗe a kan ciyawa ya san abin da zai tarar a ƙarƙashi: tsirrai dogaye sirara, ganyensu ƙanana, launinsu ɗorawa-ɗorawa. A fitowarmu ta wannan mako mun kawo muku tarihin masanin da ya ɗauki wannan abu da muhimmanci, wato Julius von Sachs.

An haife shi a 1832 a birnin Breslau, wanda yanzu yake cikin ƙasar Poland. Iyayensa talakawa ne, kuma kafin ya cika shekara 18 duka biyun sun rasu. Karatunsa ya kusa tsayawa. Iya zanensa ne ya cece shi, domin wani babban masani mai suna Purkyne ya ɗauke shi zuwa Prague ya riƙa zana masa hotunan bincike. A can ya ci gaba da karatu har ya sami digirin dakta a 1856.

Sachs ya riƙa shuka iri, wani a duhu wani a haske, yana awo yana rubutawa. Tsiron duhu yakan zuba abincin da ke cikin ƙwayar iri wajen tsawaita kara don ya fita sarari. Idan ya sami haske, karan ya rage gudu, ganye ya buɗe, koren launi ya bayyana. Idan bai samu ba, guzurinsa ya ƙare ya mutu.

Daga 1862 zuwa 1864 ya nuna cewa a cikin 'yan ƙwayoyi koraye na ganye ake haɗa sitaci, kuma sai da haske. Ganyen da aka ajiye a duhu sitacinsa ɓacewa yake, a mayar da shi rana ya dawo. Da aidin ya tabbatar da haka, domin aidin yana mayar da sitaci shuɗi mai duhu. Gwajin nan da muke yi a darasin bayoloji daga wurinsa ya samo asali.

A 1868 ya zama farfesa a jami'ar Würzburg ta Jamus, kuma a shekarar ya fitar da littafinsa na ilimin tsirrai. Masu bincike daga ƙasashe dabam-dabam sun yi aiki a ɗakin gwajinsa, ciki har da Francis, ɗan Charles Darwin. Ya rasu a 1897. Sai a 1959 masana a Amurka suka gano sinadarin da tsiro ke jin haske da shi.

Muna kira ga ɗalibai su jarraba da kansu. Ku shuka wake a gwangwani biyu, ku sa ɗaya cikin kwali a rufe, ɗaya a bakin taga. Bayan mako guda ku auna tsayinsu, ku duba launinsu, ku kawo wa kulob ɗin 'yan jarida sakamakon mu liƙa a wannan allo.